Tarihin Gidajen Gem a Fadan Kaje da Kewaye: Daga Kaset Zuwa Waya



Abin da ya jawo wannan rubutu wata gardama ce da ta ɓarke bayan taronmu na wata. An rufe taro, amma mutane suka ƙi watsewa. Mu masu shekara arba'in da ɗoriya muka kama musu da matasa a kan wace ƙwallon gem ce ta fi daɗi, ta da ko ta yanzu. Ana cikin haka sai ɗaya daga cikinmu ya ce shi har gobe bai ga ɗan wasan da ya kai Babangida gudu a gem ba. Wani yaro ɗan shekara 17 ya zaro ido ya ce, "Kawu, dama tsohon shugaban ƙasa ya taɓa buga ƙwallo?" Aka kwashe da dariya. Amma da muka koma gida sai maganar ta tsaya mana a rai. Abin da muka ɗauka kowa ya sani ashe ya fara zama tarihi, tarihin da ba a rubuta ba kuwa tare da masu shi yake tafiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu ajiye wannan.

KAFIN NA'URA TA ZO

Wasa ya riga na'ura zuwa garin nan. Iyayenmu suna da dara a gindin bishiya: rami 30, jeri 5 kowanne da rami 6, kowane mutum da 'ya'ya 12, ɗaya ya riƙe tsinke, ɗaya ya riƙe tsakuwa. Duk wanda ya taɓa tsugunawa a bayansu ya san dokar: lokacin zubi ba a yarda ka jera uku ba, sai an gama zubi an fara turawa, kuma jerin huɗu ba ya ci. Manufar dokar ita ce kada wani ya cinye wasa tun kafin a fara shi. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu kuma yara muna da ƙwallon murfin kwalba. A share ƙasa, a zana fili, a yi raga da kwalin sukari, maɓallin riga ya zama ƙwallo. Wasu masu wayo sukan ɗiga kyandir a cikin murfi don ya yi nauyi, ya riƙa ture na abokin wasa. Daga nan musu ya tashi, har manyan yara su yanke hukunci: ko kowa ya ɗiga, ko kowa ya kankare.

YADDA GEM YA ISO MANA

Kafanchan mahaɗar jirgin ƙasa ce tun 1927. Layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi a nan yake rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ta Zonkwa, ɗaya ya hau Jos. Jirgin ne ya tara mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan a garin. Ko da harkarsa ta ja baya, 'yan kasuwar da ya kawo suna nan da shagunansu na rediyo da talabijin, suna sarin kaya daga Anaca da kasuwar Alaba ta Legas. Ta hannunsu, da hannun 'yan uwa masu aiki a Kaduna da Jos, gem ya shigo yankinmu. Abin da ya sauka Kafanchan yau, bayan ɗan lokaci za a gan shi a Zonkwa, daga nan kuma ya ƙaraso Fadan Kaje.

Na'urar farko da yawancinmu muka taɓa ita ce Famicom. Kamfanin Nintendo na Japan ne ya fitar da ita a 1983, amma wadda ta iso mana a shekarun 1990 galibi kwaikwayo ce daga Taiwan da Sin. Kaset ɗinta rawaya ne, an rubuta a jikinsa wai wasa 999 ne a ciki, in ka kunna ka tarar wasa biyar ko shida ne ake ta maimaitawa. A nan muka san Super Mario, wanda ya fito a 1985, da Contra, da yaƙin tankoki, da harbin agwagwa da bindigar roba. In hoto ya ƙi fitowa sai a zare kaset a hura masa iska da baki, a mayar. Gidaje kaɗan ne ke da ita, irin na ma'aikatan jirgi da malaman makaranta, sauran yara sai leƙe ta taga. Dattawa kuma suka kafe a kan cewa gem yana ƙona talabijin.

Daga nan wani mai kan kasuwa ya lura da yaran da ke bakin taga. Ya samo shago, ya ajiye talabijin mai ƙusumbi a kan tebur, ya jera benci biyu, ya rataya labule a ƙofa. Gidan gem ke nan. A tunaninmu da naira biyar muka fara, aka koma goma, daga baya sai da 'yar Murtala.

DOKAR FARKO: SHARAR ƘAFA

Sega Mega Drive ta fito a Japan a 1988, ta shiga Turai a 1990, mu kuma ta same mu a tsakiyar shekarun 1990. Da ita wasan faɗa ya kama gari, musamman Mortal Kombat da aka fara fitarwa a Amurka a 1992. Kowa da gwaninsa: wani Sub-Zero mai daskarar da mutum, wani Scorpion mai jefa igiya ya fizgo abokin karawa. Sirrin dannawa kuwa dukiya ne. A bayan littafin lissafi ake rubuta shi, kuma ba a ba ka ka kwafa sai ka sayi ƙosai.

A nan muka fara cin karo da matsalar da ta bi gem har yau. Wasu yara suka gano cewa in ka durƙusa kana sharar ƙafa ba ƙaƙƙautawa, sabon shiga ba zai taɓa miƙewa ba. Wasa ya daina daɗi, yara suka fara ƙin sa kuɗi. Sai benci ya kafa doka: shara biyu a jere, ta uku haramun ce. Wanda ya karya, ko ya ci ba a lissafa masa. Babu wanda ya rubuta dokar, amma har baƙo in ya shigo ana karanta masa ita.

Sai da muka girma muka gane cewa masu ƙera wasannin su ma da wannan ciwon kai suke kwana. Kamfanin Capcom ya fitar da Street Fighter II a 1991 da mayaƙa 8 da za a zaɓa. A 1992 ya sake fitar da shi da sunan Champion Edition, ya gyara ƙarfin mayaƙan, ya buɗe manyan abokan gaba 4 don a iya zaɓarsu, ya kuma ba mutum biyu damar ɗaukar gwani ɗaya. Wannan aiki shi ake kira daidaita wasa. Su suna yi da kwamfuta a Japan, mu muna yi da baki a kan benci, masu dara kuma sun riga mu duka.

ZAMANIN BABANGIDA

Sony ta fitar da PlayStation a Japan a watan Disamba 1994. Lokacin da ta yawaita a wajenmu, ƙarshen shekarun 1990, ƙasar nan tana cikin mayen ƙwallo. A wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 Najeriya ta farfaɗo daga ci 3 da 1 ta doke Birazil 4 da 3, Kanu ya rama ana dab da tashi, ya kuma ci ƙwallon da ta rufe wasa. A ranar 3 ga Agusta aka doke Ajantina 3 da 2 aka ɗauki zinare. Biyu daga cikin waɗanda suka ci a wasan ƙarshen, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, haifaffun Kaduna ne. A kofin duniya na Faransa a 1998 kuma aka doke Sifen 3 da 2, da ƙafar Garba Lawal, wani ɗan Kadunan, a cikin ƙwallo ta biyu.

To ga amsarka, ɗanmu. Tijjani Babangida haifaffen Kaduna ne a 1973. Ya buga wa Niger Tornadoes ta Minna, ya tafi Holan, ya koma Ajax a 1996. Yana cikin tawagar Atlanta. Shi ya ci mana ƙwallo ɗaya tilo ranar da Denmak ta fitar da mu 4 da 1 a 1998, shi kuma ya ci Afirka ta Kudu biyu a Legas a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a 2000. A wasan Winning Eleven na kamfanin Konami an sa ma'aunin gudunsa can ƙololuwa. Ka jefa masa ƙwallo ta gefen dama, ka danne maɓallin gudu, sai dai mai tsaron baya ya bi shi da kallo. Saboda wannan, akwai masu gem a Kudancin Amurka da Asiya da suka haddace sunansa ba tare da sun taɓa ganin Kaduna a taswira ba.

Faifan da ke zuwa mana sau da yawa na Japan ne. Rubutu da Japananci, mai sharhi Jon Kabira yana ta kururuwa da Japananci, ba mu jin ko kalma, amma yaro ɗan aji huɗu zai canza tsarin 'yan wasa ya yi musaya ba tare da ya ɓata ba, don ya haddace wurin kowane abu. In idon na'ura ya gaji ya ƙi karanta faifai, sai a kifa ta ko a jingine ta a tsaye, kowa ya yi tsit har tambari ya fito. A 1999 Winning Eleven 4 ya zo da Master League, inda za ka fara da 'yan wasa marasa suna, ka tara maki ka sayi gwanaye. Waɗanda suka yi zamanin PlayStation 2 ba za su manta da Castolo da Minanda da gola Ivarov ba, mutanen da babu su a duniya amma muka san su kamar 'yan unguwa.

Kowa kuma ya gano dabarar cire Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba, saboda gudu da ƙarfin ƙafarsa. Nan ma benci ya zauna.

DOKOKIN BENCI

PlayStation 2 ta fito a 2000, kuma an sayar da fiye da miliyan 155 a duniya. Ita ta fi daɗewa a gidajen gem ɗinmu. Wasan da ya fi zama a zukata shi ne Pro Evolution Soccer 6 na 2006, wanda kowa ke kira PES 6. A cikinsa Adriano na Inter Milan yana da ƙarfin bugu 99, ga Ibrahimovic a gefensa. Daga wajen da'ira zai saki ƙwallo, gola ya bi iska. Shekara guda kafin nan, Adriano ɗin ne da Obafemi Martins a gaban Inter, wanda ya ɗauke su ya gama da kai.

Zuwa wannan lokaci dokokinmu sun nuna. Ba a ɗaukar Inter ko Birazil sai in abokin karawa ya yarda, ko kuma a bar wa wanda bai ƙware ba. Ba a kai Roberto Carlos gaba. In hannun gem ɗaya ya fi ɗaya lafiya, ana musaya bayan hutun rabin lokaci. Wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna, amma in ya ci uku a jere ya tashi ya ba wasu wuri. In wuta ta ɗauke kafin hutu, a sake daga farko. In bayan hutu ne, ci yana nan, kuma benci ne shaida. Ba a tsayar da wasa lokacin da mutum ya fuskanci gola. Wanda ya ci ƙwallo yana da damar kallon maimaici sau ɗaya, ba sau biyar ba.

Waɗannan dokoki ba su da alƙali sai jama'ar da ke zaune. Hukuncinsu kuma ɗaya ne: a ƙi wasa da kai. Yaron da aka yi wa haka kwana biyu, da kansa zai dawo ya ba da haƙuri.

Su wa ke kan bencin? Bahaushe, Bajju, Atyap, Bafulatani, ɗan Ibo mai shago, ɗan ma'aikacin jirgi Bayarabe. Da Hausa ake musu, da Hausa ake tsokana, da Hausa ake sulhu. Abin da ake tambaya a bakin ƙofa shi ne wa ke bin layi bayan wa. Akwai abokan da muke gaisawa da su har yau, muna halartar bikinsu suna halartar namu, kuma a wannan benci muka san juna.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Gidan gem ya ci canjin cefane, ya ci kuɗin makaranta, ya sa wasu tsallake katanga ana tsakiyar darasi. Da yawanmu mun sha tsumagiya a bakin labulen nan, kuma iyayenmu suna da gaskiya. Akwai waɗanda karatunsu ya lalace a can. 'Yan uwanmu mata kuwa ba su da wuri a ciki ko kaɗan.

YADDA BENCI YA WATSE

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, da wasan maciji a Nokia 3310. Ba mu ɗauke ta kishiyar gidan gem ba sai da manyan wayoyi suka yi araha, kowane yaro ya samu filin ƙwallo a aljihunsa. Gidajen kallon ƙwallo suka ja wasu, tsadar man janareta ta kori wasu masu shago. Rikicin bayan zaɓen Afrilu 2011, wanda ya taɓa Zonkwa da Kafanchan har kasuwar Kafanchan ta ƙone, shi ma ya bar tabo. Iyalai sun tashi, unguwanni sun ja baya da juna, iyaye suka daina barin yara su yi nisa da gida. Gidajen gem ba su ƙare ba, amma cakuɗuwar da muka sani ta ragu. Wasu shagunan kuma da muka sani da labule da benci, yau cacar ƙwallo ake yi a cikinsu.

SABON ZUBI

Kamfanoni sun san cewa yaran jiya sun zama masu albashi, kuma kewa tana sayar da kaya. Nintendo ta fitar da ƙaramar tsohuwar na'urarta a 2016 da wasa 30 a ciki. Sony ta bi da PlayStation Classic a 2018 da wasa 20, Sega ta kawo Mega Drive Mini a 2019 da wasa 42. Wasu tsofaffin wasanni an sake ƙera su daga tushe. Resident Evil 2 na 1998 da aka sabunta a 2019 ya samu yabo. Amma tarin GTA guda uku da aka sabunta a Nuwamba 2021, har da San Andreas da yaranmu suka sani, ya zo da kurakurai har kamfanin Rockstar ya nemi afuwa. A shekarar ce kuma Konami ya ajiye sunan PES ya koma eFootball. Fitowar farko a ranar 30 ga Satumba 2021 ta sha suka a duniya saboda karkatattun fuskoki da tangarɗar wasa, babu Master League a ciki, shi ma kamfanin ya ba da haƙuri. FIFA da aka fara a 1993 ta zama EA Sports FC a 2023.

Masoya kuma ba su jira kamfani ba. An daina ƙera PlayStation 2 a farkon 2013, amma har yanzu akwai masu ɗaukar tsohon wasa su sa masa sababbin 'yan wasa da riguna duk kaka. A Birazil aikin ya shahara da sunan Bomba Patch. Matasanmu ma suna tura wa juna irinsa a waya suna bugawa da manhajar PPSSPP.

Mun gwada da kanmu. Wani ɗan uwa ya tono tsohuwar PlayStation 2 daga ƙarƙashin gado, muka jona ta da talabijin na bango. Hoton ya fito dishi-dishi, 'yan wasa kamar an sassaƙa su da wuƙa. Mai na'urar ya ce da ya kunna shi kaɗai, minti ashirin ya yi ya kashe. Amma a daren da muka haɗu mu biyar, aka fara tsokana, wani ya miƙa hannu zai ɗauki Inter aka yi masa ca, sai da matan gida suka aiko yaro sau biyu. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mu dai a daren nan mun gane cewa abin da muke kewa yana zaune a gefenmu, furfura kawai ya yi.

ABIN DA YA SA MUKA DAMU

Wasannin yau sun fi namu kyau nesa ba kusa ba, kuma yaranmu sun fi mu iya dannawa. Damuwarmu a kan daidaito take. A da, naira ashirin ɗin ɗan mai kuɗi da ta ɗan talaka Adriano ɗaya suke saya, kuma benci yana iya hana su duka biyun. A yawancin wasannin intanet na yau, ana iya sayen ƙunshin 'yan wasa da kuɗi na gaske, kuma sau da yawa ba ka san wanda zai fito ba sai ka biya. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan ƙunshi caca ne, kuma a farkon 2019 aka daina sayar da makin FIFA a ƙasar. Yaron da ya saba biya don ya gwada sa'a tun yana ɗan shekara 12, shagon caca ba zai yi masa baƙunta ba in ya kai 18. Ga shi kuma shi kaɗai yake wasa a ɗaki, da wanda bai sani ba, babu babba a kusa da zai ce masa wannan ba daidai ba ne, babu kuma wanda zai ba haƙuri gobe.

Don haka muna da roƙo biyu. Na farko, duk wanda ke da tsohuwar na'ura, kaset, faifai, hoton gidan gem, ko littafin nan mai sirrin Mortal Kombat a bayansa, ya taimaka ya sanar da sakatare don a ɗauki hoto a adana. Na biyu shawara ce da za mu kawo gaban taro mai zuwa: a lokacin hutun makaranta a shirya gasar gem ta yini ɗaya, da rana, a fili, ga duk yaran gari ba tare da tambayar unguwa ba, mata ma da nasu layi. Babu kuɗin shiga, babu sayayyen ɗan wasa, kuma yaran ne da kansu za su zauna su tsara dokoki kafin a fara, mu namu shaida.

Shi kuma ɗanmu mai tambaya mun riga mun gayyace shi. Za mu ba shi hannun gem mai lafiya, mu bar masa Birazil, mu ɗauki Najeriya. Sai ya kula da gefen dama.

Allah ya ƙara mana zumunci da zaman lafiya, ya shirya mana zuri'a.

Sakatare